Allurar rage ƙiba: wata goma, kilo 13, da ƙwannafin da ba a gaya mini ba

Tun ranar da na sa hoton bikin ɗiyar ƙanwata a WhatsApp mata suka hana wayata sakat. Tambayar kowa ɗaya ce: Hajiya, me kika sha? Wasu ko gaisuwa babu. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau guda, duk wadda ta tambaya in tura mata. Ba shan komai na yi ba, allura ce, sau ɗaya a mako. Kafin kuma ki ce in ba ki lambar mai sayarwa, ki daure ki karanta, don lambar farko da aka ba ni ita ta sa na yi kusan mako uku ina kwana a zaune kan kujerar roba.

Ni ƴar Tawa ce, aure ya kawo ni Yamai shekara 24 ke nan. Ina da shago a Babbar Kasuwa, ina sayar da atamfa da shadda da leshi. Shekaruna 47, haihuwa shida. A farkon watan Janairun 2025 sikeli ya nuna kilo 104, ni kuwa ba doguwa ba ce. Tansiyo ta riga ta kama ni, sukari yana bakin ƙofa, gwiwar dama kuma ta kai ni ga yin salla a kan kujera. Wannan na ƙarshe shi ya fi ci mini rai. Inna ta haura saba'in tana kai goshinta ƙasa, ni da ta haifa ina jan kujera a sahun mata.

Sunan maganin semaglutide. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark ne ya ƙirƙiro shi. A 2017 Amurka ta amince da shi don masu ciwon sukari da sunan Ozempic, a 2021 kuma aka fito da mai awo mafi girma don ƙiba, shi ne Wegovy. Akwai wani ɗan'uwansa na wani kamfanin Amurka, Mounjaro, wanda sinadarinsa daban ne. A nan dai duk "allurar rama" mata ke ce musu. Abin kamar babban bik yake, ana murɗa gindinsa a zaɓi awo, a ɗaura ƴar siririyar allura a bakinsa, a soka a fatar ciki ko cinya. Cizon sauro ya fi shi zafi. Ta wannan fannin ba ni da abin cewa.

Wata abokiyar cinikina ce ta haɗa ni da wata mata mai zuwa saro kaya waje. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma unguwarsu. Ta zo shagona da tsakar rana, ta buɗe jakar hannu, ta zaro kwalin daga tsakanin turaruka da mayafai. Jaka 120 na ƙirga mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hajiya, ke babba ce, ƙaramin awo ba abin da zai yi miki, ɓarnar kuɗi ce kawai. Ki fara da 0.5, in kin yi sati biyu ki hau 1." Shi ke nan bayanin. Ba ta tambaye ni ko ina da wani ciwo ba, ba ta tambayi magungunan da nake sha ba. Ni ma ban tambaye ta komai ba, ni da ba na karɓar bandir ɗin shadda sai na murza bakinsa na ɗaga shi a rana. Na kai shi gida na ɓoye a firigo bayan robar man shanu, don ban gaya wa Alhaji ba.

Gaskiya ɗaya ce, ya yi aiki tun makon farko. Da azahar yarinyar da ke kawo mana abinci shago ta ajiye mini shinkafa da miya kamar kullum, na yi cokali huɗu na ji kamar na tashi daga walima. Na zauna ina kallon kwanon ina mamaki. Shekara ashirin ban taɓa barin loma a kwano ba. Har mai fanken da nake jira da hantsi ta wuce ban ɗaga kai ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tunanin abinci ya bar kaina. Da can ina cin na rana ina lissafin na dare.

Sai dai na dare ban bar shi ba, kuma ku da kuke Yamai kun san yadda muke yi. Alhaji ba ya shigowa sai bayan isha'i, a zauna a tsakar gida wajen ƙarfe tara da rabi ko goma, a sauke tuwo da miya mai manja ko man gyaɗa yana yawo a kai, a bi da shayi, a shimfiɗa a kwanta. Ko ba na jin yunwa sai in ci, don kada a tambaye ni dalili.

Daren Juma'ar da na hau awo 1 na farka wajen ƙarfe biyu ina tari kamar an shaƙe ni. Wani ruwa mai tsami da ɗaci ya taso mini har cikin hanci. Ƙirjina kuwa, daga ƙahon zuciya har maƙogwaro, kamar an jera garwashi. Na yi gyatsa, sai ga ɗanɗanon miyar kukar da na ci awa huɗu da suka wuce, kamar yanzu na haɗiye ta. Alhaji ya kunna fitila ya gan ni dafe da ƙirji, ya ce, "Tashi mu tafi, zuciya ce." Muka tafi wani kilinik mai kwana buɗe. Aka liƙa mini wayoyi a ƙirji aka auna zuciya, aka ce lafiyarta lau. Ma'aikacin lafiyar da ke aikin dare ya tambaye ni ko na fara wani sabon magani. Alhaji na tsaye a kaina. Na ce a'a. Aka ba ni farin ruwan maganin nan mai kama da alli, muka dawo.

Wannan ƙaryar ta ja mini mako uku. Na ci gaba da allurar, har na sayi kwali na biyu, don sikeli ya fara sauka kuma raina ya biya. Kowane dare abin ya dawo. In na kwanta sai ya taso, in na zauna ya lafa, don haka na ɗauko kujerar roba na jingina da bango, na riƙa gyangyaɗi har kiran asalatu. Muryata ta dushe, abokan ciniki suna ce mini sanyin bana ya kama Hajiya. Ruku'u ma ya zama abin tsoro, ina sunkuyawa sai in ji ruwan ya zo wuya. Na kira matar nan, ta ce, "Kitsen ne ke narkewa, ki yi haƙuri." Da na sake kira ba ta ɗauka ba.

Na kira Inna a Tawa. Tana jin muryata ta ce, "Mi ya same ki, ɗiyar nan?" Na kwatanta mata. Ta ce, "Wo, ƙwannahi na. Jiƙa jar kanwa ki sha, ki bar wahal da kanki wurin lokotoro." Na jiƙa na sha. Yana kwantawa na ɗan lokaci, sai ciki ya cika da iska, gyatsa ta biyo, abin ya dawo da ƙarfinsa.

Ɗiyata ta fari ce ta gano kwalin tana neman man shanu. Ba ta ce komai ba sai da muka keɓe. Ta ce, "Mama, ko ki gaya wa Baba ko ni in gaya masa." Abin da Alhaji ya ce da ya ji ba na rubutawa ba ne. Washegari dai shi ya tuƙa ni da kansa zuwa wurin wata likitar masu ciwon sukari.

Wannan likita ita ce dalilin da ya sa ban jefar da maganin a shara ba. Ta ce in ajiye mata bik ɗin a tebur. Ta juya shi, ta duba lambar da ke jiki ta gwada da ta kwali, ta duba ranar lalacewa. Ta ce a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan na jabu da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka, kuma a 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da na jabu da ake zargin insulin ce a ciki. Nawa bai yi mata kama da jabu ba. "Amma, Hajiya," in ji ta, "ban san inda ya kwana ba kafin ya zo hannunki, kuma ke ma ba ki sani ba." Da na gaya mata awon da na fara da shi sai ta ajiye bironta ta dube ni. Ashe ƙa'ida ita ce a fara da miligiram 0.25 har mako huɗu, sannan 0.5 aƙalla wasu mako huɗu, a riƙa hawa sannu a hankali. Wannan ƙaramin awon da aka ce mini ɓarnar kuɗi ne, an yi shi ne don ciki ya saba. Ni cikin kwana goma sha huɗu na kai inda ake kaiwa bayan wata biyu.

Daga nan ta yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Ta ce in mutum ya ci abinci, hanjinsa na sakin wani sinadari da ake kira GLP-1, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya kuma sa tumbi ya rage saurin tura abinci gaba. Na jiki cikin ƴan mintoci yake ɓacewa. Na allura kwaikwayonsa aka yi, amma shi sai ya yi kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jini. To tumbin da ya saba sallamar tuwo da wuri yanzu riƙe shi yake, yana kuma ta zuba masa ruwan tsamin narkarwa. A inda maƙoshi ya haɗu da tumbi akwai wani zoben nama da ke tsuke bakin, kamar zugen jaka. In tumbi ya cika ya daɗe a cike, ga teɓa na danna shi daga waje, sai zoben ya saki.

Ta ɗauki gorar ruwan da ke gabanta, saura rabi, ta sassauta murfin. Ta tsayar da ita, ba abin da ya zuba. Ta kwantar da ita a kan tebur, ruwa ya fara ɗiga kan takardunta. Ta ce, "Ke ce wannan da ƙarfe biyun dare." Ta sa yatsa biyu ta ɗaga wuyan gorar kaɗan, ɗigar ta tsaya. Ni da Alhaji muka dubi juna.

Ta nuna mini cewa duk wannan a rubuce yake. A gwajin da aka yi wa mai babban awo, cikin mutum 100 kusan 44 sun yi tashin zuciya, 7 yawan gyatsa, 5 kuma wannan dawowar ruwan tsami, alhali cikin waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki 3 ne suka samu. Biyar cikin ɗari ba yawa ba ne in kana karantawa. In kana cikin biyar ɗin kuwa, dare ɗaya ya ishe ka.

Ta kuma kama ni da wani laifin. Don gwiwa nakan sayi diclofenac wurin mai tebur in haɗiye biyu da safe ba tare da na ci komai ba. Ta ce shi da ibuprofen suna cin bangon tumbi, in bar su. Kanwar Inna kuma ta ce gaskiya ne tana kashe tsami, amma gishiri ce, mai tansiyo ba ta da abin yi da ita, ga iskar da take tarawa tana ƙara tura zoben. Ban gaya wa Inna wannan ba har yau.

Abin da ta yanke shi ne in tsayar da allurar. Azumi ya kusa, ta ce ba za ta haɗa mini azumi da zafi da maganin da zai iya sa ni amai ba, sai bayan salla mu fara daga tushe. Ta rubuta mini omeprazole miligiram 20, ƙwaya ɗaya rabin awa kafin karin kumallo, na ɗan lokaci, ba na har abada ba, da Gaviscon na sha bayan abinci ko in abin ya taso. Ta tambayi ko a danginmu an taɓa yin kansar maƙoƙo, ko na taɓa ciwon pankiriyas, gaɓar nan ta ciki da ke fitar da insulin, ko ina da niyyar sake haihuwa, don mai neman ciki sai ta bar maganin wata biyu kafin nan. Na yi dariya na ce shida sun isa. Ta ce in na ji ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa har baya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko na ga jini a amai ko bayan gida ya yi baƙi, ko abinci ya fara tsaya mini a wuya, kada in jira ranar da ta ba ni. Ciwon ƙirji kuma ta ce Alhaji ya yi daidai da ya kai ni a daren, don zuciya da ƙwannafi sukan yi kama. In kuma za a yi mini aikin da za a sa ni barci, lalle in faɗa musu ina wannan allura, saboda tumbi na iya kasancewa da abinci ko an kwana ba a ci ba. Kusan minti arba'in ta yi da ni. Kuɗin ganinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na ba mai jaka ba.

Cikin kwana goma da tsayarwa ƙwannafin ya lafa, yunwa kuma ta dawo da kayanta. Kilo 4 na zubar a wancan haukan, azumi ya mayar mini da 2. Ƙosai da kunu da ruwan ƙanƙara ba su san an yi wata allura ba.

A farkon Afrilu muka sake farawa da 0.25, wannan karon da takardar likita, daga farmasi. Shi ma farmasin ba kullum yake da shi ba, sai an yi oda a jira, akwai watan da na yi kwana tara ina zarya. Amma daga firigo suke fito mini da shi, su sa a leda da ƙanƙara, su ba ni rasit. A wata yana cin mini tsakanin jaka 90 zuwa 100, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42. Na san wannan, kuma shi ya sa ba na son yadda wasu ke tallarsa kamar man shafawa.

Ajiyarsa a Yamai wani aiki ne daban. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin firigo, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace. Wanda aka fara amfani da shi, takardar nawa ta ce zai yi mako shida matuƙar zafi bai wuce 30 ba. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama ɗakina a watan Afrilu ba, lokacin da ake haura 40 kuma kuran ya ɗauke tun azahar. Na sayi ƴar gilasiya, in wuta ta tafi in naɗe shi a tawul in sa a gefe, ƙanƙara a ɗaya gefen, kada su taɓa juna. Duk sanda nake wannan hidima sai in tuna jakar matar nan da rana tsaka a kasuwa.

Abin da ya raba ni da kujerar roba kuwa, ban ce ƙwaya ba ce. Agogon cin abinci na juya. Babban abincina ya koma na rana. Na dare kafin magariba nake cinsa, ko kuwa da zarar an sallame salla, ɗan kaɗan, kuma tsakaninsa da kwanciya sai an sami awa uku. Da farko abin ya yi mini nauyi, don zaman tuwon dare shi ne lokacin da gida ke haɗuwa, a yi hira, a ji abin da yara suka yi a lakkol. Yanzu ina zama da su, hannuna dai ba ya shiga kwano. Kafinta ya zo ya sa bulo ɗaya ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ya ɗaga kamar taƙi guda. Na gwada tara matasai kafin nan, ba su yi ba, lanƙwasa mutum suke a tsakiya su ƙara matse ciki. Likita ta ce in kwanta ta hagu, don a haka bakin tumbi ke zama sama da abin da ke cikinsa. Mu kuwa da dama aka koya mana kwanciya. Sai na raba: in kwanta ta dama in yi addu'o'ina, in na shafa in juya hagu. Zani ma na daina ɗaure shi tamau a kan cibiya.

Abinci kuwa kowa da nasa, ni dai na gano maƙiyana ɗaya bayan ɗaya. Shayin farko mai ɗaci, musamman in an sa na'ana'a. Kafe da madara na safe. Lemun kwalba. Miyar da tumatirin gwangwani ya yi wa yawa. Yajin kilishi. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ɗanyar albasa. A ce ƴar jihar Tawa, wadda ta tashi ana sauke buhunan albasar Galmi a ƙofar gidansu, yau ba ta iya yanka ta a kan dambu. Dafaffiya ba ta dame ni ba, ɗanyar ce. Waɗanda suka zauna mini lafiya su ne kopto da ɗan ƙuli ba mai da yawa ba, gasasshen kifin kogi, dafaffen ƙwai, gwanda, da fura mai ruwa-ruwa in nonon bai yi tsami ba. Likita ta matsa mini kan kifi da ƙwai da wake, ta ce in ba haka ba nama zai tafi tare da kitse. Bayan gida ma ya yi tauri a watannin farko, zogale da yawan shan ruwa suka warware shi.

Sau ɗaya na karya doka da gangan, a babbar salla. Ina kan 0.5, komai lafiya, har na fara ganin na warke. Raguna biyu Alhaji ya yanka, aka banƙare su a jikin itace aka kewaye wuta tun hantsi. Washegari muka kwana suya. Kina tsaye kan kasko, ƙamshi na dukan hanci, yara na miƙo miki hanta da kitse a tsinke, wace ce za ta ce a'a? Na ci da rana, na ƙara da dare, na bi da yaji da shayi. Wajen ƙarfe ɗaya gyatsa ta fara, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, har Alhaji ya ɗauki tabarma ya fita tsakar gida. Kafin asuba na amayar da naman kusan yadda na haɗiye shi. Wannan ba laifin allura ba ne, ba na mai jaka ba. Sauran soyen sai na riƙa cin tsoka biyu da rana, ya kai ni har Muharram.

Yanzu muna Nuwamba. Ina kan awo 1 tun Agusta, awon nan da ya kusa kashe ni a Janairu, kuma bai dame ni ba. Omeprazole na bar shi tun Yuli, Gaviscon kwalba ɗaya ta yi mini wata uku. Sikeli na cewa 91. Tansiyo ta sauka har an rage mini ƙwaya, sukari ya koma baya. Likita ta ce raguwar teɓar kanta tana cikin abin da ya sassauta ƙwannafin, don abin da ke danna tumbi ya ragu. A babban gwajin da aka buga a 2021, masu awo 2.4 sun zubar da kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, ni kuma ina wajen 12 da rabi da ƙaramin awo, don haka ba ni da ƙorafi. A watan Satumba na kai goshina ƙasa a sallar la'asar, a bayan shago, kan ƴar darduma tsakanin bandir ɗin atamfa. Na daɗe ban ɗago ba.

Maganar mutane kuwa sai haƙuri. Garin da ake yi wa mace kirari da cikar jiki, garin da ƴan mata ke sayen ƙwayoyin sa ƙiba a bakin kasuwa, in kin faɗa sai an nemi dalili. Wata tsohuwar abokiyar ciniki ta kama hannuna ta yi ƙasa da murya ta ce, "Hajiya, kishiya aka yi miki?" Wata ta ce in je a duba jinina. Tela kaɗai ke murna, ya rage mini riguna sun fi ashirin.

In da lakkol ce aka ce in ba da maki bisa 20, allurar kanta 14 zan ba ta. Tana yin abin da aka ce tana yi, amma tsada, da hidimar sanyi, da abin da take yi wa ciki sun ci shida. Likita 18, na cire biyu don layin jiranta. Mai jaka ba ta zauna jarabawar ba ma. Wadda take da ƙiba mai haɗe da ciwo, tana da halin saye wata bayan wata, tana kuma iya barin tuwon goman dare, ta je ta ga likita su yi magana. Wadda kuwa kilo biyar take son zubarwa don biki, ko wadda dama ƙwannafi ko gyambon ciki ke damunta, kada ta taɓa shi sai an duba ta. Lamba kuma ba ni da wadda zan bayar.

Abin da ke gabana yanzu shi ne ranar bari. Likita ba ta ɓoye mini ba, waɗanda aka bi bayan sun daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo, ni ma na ɗanɗana hakan a azumi. Jaka ɗari duk wata kuma ba abin da shagon atamfa zai ɗauka har abada ba ne, balle bana da kasuwa ta yi sanyi. Ta ba ni rana a Disamba mu zauna mu ga ko za a fara ragewa. Na fara tafiya da ƙafa bayan asuba tare da maƙwabciyata, muna kaiwa bakin kwalta mu dawo.

Makon jiya na ce a kira kafinta ya cire bulon nan, tunda na samu sauƙi, kuma gadon ya ishe ni da zamewa. Alhaji ya ce a bar su. Ashe shi ma shekara da shekaru yana tashi tsakar dare yana shan kanwa a ɓoye, tun da aka ɗaga gadon kuma bai sake tashi ba.